Manhajar Sadiƙ mai gane fim ɗin cikin gem: a nema mata takardar ƙirƙira ko a bari?

Sadiƙ Anguwan Rogo: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, iyayena da yayyena. Shawara nake nema. Wata bakwai ke nan ina haɗa wata manhaja, kuma yanzu ta fara aiki yadda nake so. In ka ba ta bidiyon gem, ko na awa uku ne, za ta bi shi daga farko har ƙarshe ta ware maka inda mutum yake bugawa da hannunsa, ta ware inda gem ɗin ya karɓe ragama yana ba da labari, mutanen ciki na hira, kai kuwa hannun gem na kan cinyarka ba abin da kake dannawa. Masu harkar suna ce masa kotsin, mu a gidan gem fim kawai muke cewa. Abin da ya kai ni shi ne, ina yi wa wasu yara uku editin ɗin bidiyon da suke ɗorawa a YouTube da TikTok, kuma rabin lokacina yana tafiya wajen laluben waɗannan wuraren da ido. Wani so yake a cire su, wani so yake a tattara masa su wuri guda. Wani malaminmu ya gani ya ce in hanzarta in nemi takardar mallakar ƙirƙira, abin da ake kira fatent, kafin wani ya riga ni. To irin wannan ana ba shi takarda kuwa? Kuma su masu tantancewar, me suke dubawa?

Ɗanlami Mai Gidan Gem: Wa alaikumus salam. Ni shaida ne, a shagona na Bauchi Road nan Jos ya yi yawancin gwajin. Na ba shi bidiyon GTA San Andreas mai tsawo, kafin in sallami mutum biyu ta tsince duk wuraren fim ɗin. Allah ya ƙara basira ƙanina.

Barista Hauwa, Abuja: Masha Allah. Sadiƙ, kafin a je ko'ina ka amsa min wannan: ka taɓa nuna ta a fili? Bidiyo a Facebook, gabatarwa a makaranta, ko ka tura wa wani manhajar?

Sadiƙ Anguwan Rogo: Eh Anti, wata huɗu da suka wuce na ɗora bidiyo a Facebook. Na nuna tana aiki, na kuma yi bayanin cewa abu biyu take lura da su: ɓacewar alamomin gefen allo, wato sandar jini da taswira da adadin harsashi, da kuma baƙaƙen layukan nan da ke fitowa sama da ƙasa in fim ya fara. Akwai na uku da ban faɗa ba.

Barista Hauwa, Abuja: To na ukun nan ka riƙe shi a bakinka, har a nan zauren. Mu fiye da ɗari ne a nan, ba wanda ya sa hannu a alƙawarin riƙe sirri, saboda haka abin da ka rubuta ana iya ɗaukarsa kamar ka faɗa a kasuwar Terminus.

Ga dalili. Dokar da muke aiki da ita a Najeriya, ta 1970 ce, sharaɗi uku ta gindaya: abin ya zama sabo, ya zama akwai ƙoƙarin ƙirƙira a cikinsa, kuma ya zama ana iya amfani da shi a sana'a ko masana'anta. Sabo kuwa a wurinta yana nufin ba a taɓa bayyana shi ga jama'a ba ko'ina a duniya, a rubuce ko da baki ko ta hanyar amfani, kafin ranar da ka shigar da takardarka. Ko da kai mai abin ne ka bayyana. Sassaucin da ta yi kaɗan ne, na wata shida ga wanda ya nuna a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi. Facebook ba ya ciki. Turai ma tsaurin nan gare su. Amurka ce ke ba mai ƙirƙira shekara guda daga ranar da ya bayyana abinsa da kansa. Wato abu biyun da ka yi wa bayani, a nan gida da Turai sun fita hannunka, a Amurka kuma saura maka wata takwas.

Sadiƙ Anguwan Rogo: Innalillahi. Wallahi ban sani ba.

Malam Ishaku: Kada hankalinka ya tashi, ɗana. A ganina ba ka yi asarar da kake tsammani ba, domin abu biyun nan ko ba ka faɗa ba, da wuya su tsallake hannun mai tantancewa na gaske. Bari in ba ka labarin yadda aikin yake, tunda na taɓa shiga hannunsu lokacin da nake karatu a waje, ni da malamin da ya duba aikina.

Mai tantancewa ba labarin wahalarka yake karantawa ba, ba ya ma kunna manhajar. Ƙarshen takardar yake zuwa, inda ake jera da'awa ɗaya bayan ɗaya da lamba. Da'awar nan ita ce iyakar gonarka: abin da ke ciki naka ne, abin da ke waje na kowa ne. A ce ka rubuta: hanya ce da ake karɓar bidiyon gem, a duba ko alamomin gefen allo sun ɓace, in sun ɓace a yi wa wurin shaida cewa fim ne. Zai ɗauki jimlar nan ya yanka ta gaɓa-gaɓa, ya shiga neman kowace gaɓa a cikin duk abin da aka taɓa wallafawa. In ya samu takarda guda da ta ƙunshi duka, magana ta ƙare, ba sabo ba ne. In bai samu ba, sai ya haɗa biyu ko uku ya ce duk ma'aikacin da ya san fannin zai iya hango haɗin nan ba tare da wata baiwa ba. A nan yawancin mutane ke faɗuwa. Tun hukuncin da kotun ƙolin Amurka ta yanke a shari'ar KSR da Teleflex a 2007, haɗa sanannun abubuwa su ba da sakamakon da kowa ke tsammani ya zama abu mai wuyar karewa.

To me zai samo a kanka? Tun shekarun 1990 masu bincike ke rubutu a kan yadda kwamfuta za ta gane inda aka yanka hoto a bidiyo, ta hanyar kwatanta launukan firem ɗin nan (wato hoto guda daga cikin jerin hotunan da ke haɗa bidiyo) da na bayansa. Hukumar NIST ta Amurka ta yi ta shirya gasar gwaji a kan haka daga 2001 zuwa 2007, ta daina ne don an ga an kusa gama da matsalar. Sannan akwai wanda ya fi kusa da naka: manhajojin da ke cire talla daga shirin talabijin da aka naɗa. Ɗaya daga dabarunsu ita ce lura da tambarin tasha da ke kusurwar allo. Shiri na tafiya tambari na nan, talla ta shigo tambari ya ɓace. Suna kuma lura da baƙin firem da canjin faɗin hoto. Ka ga mai tantancewa zai ce maka, cire tambarin tasha ka sa sandar jini, ina sabon abu?

Nura Edita: Malam, ranka ya daɗe, a nan ina da ja. Ni editin na karanta a makarantar fim ta nan Jos, kuma na yi aiki da bidiyon gem. Ba ɗaya ba ne da talabijin. Tambarin tasha wuri ɗaya yake, kamanninsa ɗaya. Alamomin gem kuwa kowane gem da nasa, wani ma suna ɓoyewa da kansu in ba faɗa ake ba. Dead Space na 2008 a gadon bayan jarumin aka sa sandar jini, ba komai a gefen allo. God of War na 2018 an yi shi ne kamar kyamara ɗaya ce ke bin mutumin daga farko har ƙarshe ba yanka, fim ya shigo ya fita ba ka ga ɗinkin ba. Half-Life tun 1998 labarinsa na faruwa ne kana riƙe da ragama. Ga kuma wuraren da kana tsakiyar kallon fim sai a ce danna kaza da sauri ko a kashe ka. Wanda ya warware waɗannan ai ya yi aiki, ba kwafin talabijin ya yi ba.

Malam Ishaku: Nura, ba mu saɓa ba. Abin da ka lissafa shi ne ainihin inda takarda take. Wanda ya warware God of War ya yi ƙirƙira, amma sai ya rubuta yadda ya warware ɗin a cikin da'awarsa, mataki-mataki. Kuskuren masu farawa shi ne su yi da'awar buri: na mallaki gane fim a gem. Ba a ba mutum buri, hanya ake ba shi. Kuma irin hujjar da ka kawo ita ce ake mayar wa mai tantancewa. Amsarsa ta farko galibi ƙi ce, ba abin kuka ba ne. A Amurka ana ba ka wata uku ka amsa, ana iya ƙarawa zuwa shida in ka biya. Sai ka ce masa, takardar tallan da ka kawo tana aiki ne don tambari ba ya motsi, nawa yana aiki ko alamar na yawo, ga yadda nake yi. Ka matse da'awar, ya sake dubawa. Mu sau biyu aka dawo mana da tamu, kuma wadda ta fita a ƙarshe ba ta kai rabin faɗin wadda muka shigar ba. Amma ita ce tamu ta gaskiya.

Ɗanlami Mai Gidan Gem: Ni tambayata ta ɗan kasuwa ce. A shagona cikin yara goma, takwas ƙwallo suke bugawa, PES ko FIFA, waɗanda yanzu aka canza wa suna zuwa eFootball da EA Sports FC. In an ci ƙwallo, allon maki yana ɓacewa, a nuna murna, a maimaita cin. Wannan fim ne ko ba fim ba? Don yaro yana iya danna maɓalli ya zaɓi irin murnar da ɗan wasansa zai yi, ko ya tsallake ta.

Barista Hauwa, Abuja: Malam Ɗanlami, tambayar da ka yi ita mai tantancewa zai yi da bakinsa. Doka tana so da'awa ta fito sarai, yadda wanda ya karanta zai san ko ya taka gonarka ko bai taka ba. In Sadiƙ ya rubuta kotsin bai fassara ba, za a ce masa me kake nufi? Wanda aka naɗa tun a kamfani aka ajiye a faifai kamar bidiyo, ko wanda injin gem ɗin ke zanawa nan take da kayan da ɗan wasa ya sa wa jaruminsa? Maimaicin cin ƙwallo na ciki? Allon jira, lokacin da gem ke lodi, fa? Bambancin nan ba ƙarami ba ne. Na farkon iri ɗaya yake fitowa a wurin kowa, saboda haka in ka kwatanta bidiyon mutum ɗari, duk inda suka yi daidai fim ne. Na biyun kuwa yana canzawa daga mutum zuwa mutum. Dabarar da ta kama wancan ba lallai ta kama wannan ba, kuma ba za a bar ka ka yi da'awar duka biyun ba in bayaninka ɗaya kawai ya koyar.

Akwai kuma wata ƙofa kafin duk wannan, wadda ta fi damun masu manhaja. A Amurka tun shari'ar Alice da bankin CLS a 2014, ana tambaya ko da'awar tunani ne tsagwaro da aka ce kwamfuta ta yi. Yaro ɗan shekara bakwai a shagonka yana kallon allo ya san fim ya fara. In abin da ka rubuta bai wuce a kalla, a gane, a yi shaida ba, za a ce aikin ƙwaƙwalwa ne ka jingina wa na'ura. Ofishin Turai da ke Munik kuma dokarsu ta cire manhajar kwamfuta a kan kanta, da ƙa'idojin wasa, daga abin da ake ba takarda, sai in ka nuna wata matsala ta fasaha da ka warware da hanyar fasaha. Misali ka nuna cewa gane wurin fim yana sa a matse bidiyon ta wata hanya dabam, data ta ragu, ko waya mai ƙaramin ƙarfi ta iya aikin da a da sai babbar kwamfuta.

Ladi Tudun Wada: Na yi shiru ina karantawa, amma gaskiya zuciyata ba ta tare da ku. Duk kuna koya masa yadda zai tsallake ne, ba wanda ya tambaya ko ya kamata ya shiga. Ni shekara shida ina rubuta manhaja, kuma duk abin da na iya, a kan aikin da wasu suka saki kyauta na koya. Sadiƙ, tsakaninka da Allah, ba OpenCV da FFmpeg ka ɗora manhajarka a kai ba? Da masu su sun kulle, da me za ka yi aiki?

Ku duba abin da takardun nan suka yi wa harkar gem ɗin kanta. Namco ta shigar da takarda a 1995 a kan sa ƙaramin wasa a allon jira, lokacin da babban gem ke lodi. Shekara 20 kamfanoni na tsoron taɓa wurin, mutane na zaune suna kallon sanda tana cika, sai a 2015 ta ƙare. Warner Bros ta samu takarda a 2021 a kan tsarin Nemesis, inda abokan gaba ke tuna ka suna hawa muƙami, abin da kowa ya yaba amma masu ƙananan kamfanoni ke gudun kwaikwayo. A 2024 Nintendo ta maka masu gem ɗin Palworld a kotu a Tokyo a kan takardun ƙirƙira. Wannan fagen manyan giwaye ne. Yaro daga Anguwan Rogo ko ya samu takardar, da wane kuɗi zai kai Sony ko Amazon ƙara?

Sadiƙ Anguwan Rogo: Gaskiya ne Yaya Ladi, da su na yi aiki.

Malam Ishaku: Ladi, 'yata, rabin maganarki na karɓa. Takarda ba ta kare kanta, sai mai ita ya iya tsayawa a kotu. Kuma masu tantancewa suna kuskure, musamman a gem, don lokacin da ake ba su a kan kowace takarda ƙayyadadde ne, kuma sun fi bincike a cikin tsoffin takardun ƙirƙira. Ilimin 'yan gem kuwa ba a can yake ba. Masu tseren gama gem da sauri sun daɗe da haɗa manhajojin da ke kallon allo su gane lokacin lodi don a cire shi daga lissafin lokaci. Mai tantancewar da bai san duniyarsu ba zai iya ba wani takarda a kan abin da yara suka yi shekaru suna yi. Shi ya sa Amurka da Turai duka suka buɗe ƙofa wani na waje ya aika wa mai tantancewa hujja tun kafin a yanke, Turai ma ta ba da wata tara bayan bayarwa a yi adawa.

Inda na rabu da ke shi ne, ba don kai ƙara kaɗai ake neman takarda ba. Ranar da wani kamfani ya so sayen aikinsa ko zuba kuɗi, abin da za su fara tambaya shi ne me ka mallaka. Kuma takardar ba ta ɓoye ilimi, ana wallafa ta bayan wata 18, kowa ya karanta.

Ladi Tudun Wada: Kowa ya karanta amma kada ya taɓa har shekara 20. A manhaja, Malam, shekara 20 ai tsara huɗu ce. Kuma ai rubutun manhajarsa yana da kariya tun ranar da ya rubuta, ba sai ya biya kowa ba.

Barista Hauwa, Abuja: Haka ne, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana kare rubutun manhaja kamar yadda take kare littafi. Amma rubutun take karewa, ba dabarar ba. Wani zai iya fahimtar dabarar ya rubuta tasa daga tushe, ba ka da ta cewa.

Alhaji Bala Dilimi: Salamu alaikum. Ni ban san gem ba, maƙeri ne, amma na san takardar nan. Shekarun baya na haɗa injin ɓarar gyaɗa da na yi wa wani gyara nawa. Wani ejan ya karɓi kuɗina ya kai Abuja, bayan wasu watanni ya kawo min satifiket mai hatimi, na sa a gilas na rataye a shago. Ba a yi shekara ba na ga irin injin a hannun wani. Na je wurin lauya da takardata ina ganin na gama da shi. Lauyan ya karanta ya ce, Alhaji, wanda ya rubuta maka wannan hoton injin kawai ya siffanta, bai faɗi gyaran naka ba, kuma irin abin da ya siffanta an daɗe ana yi a Indiya. Har yau abin yana min ciwo, ba don kuɗin ba, don gyaran nawa ne na gaskiya kuma ba a rubuta shi ba. Yaro, kada ka ba wanda bai fahimci aikinka ba ya rubuta maka.

Barista Hauwa, Abuja: Allah ya mayar da alheri, Baba. Abin da ya same ka yana da tushe a tsarin dokar kanta, kuma ya kamata kowa a zauren nan ya sani. Rajistar takardun ƙirƙira tamu tana ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari a nan Abuja. Abin da doka ta ɗora wa magatakarda shi ne ya duba ko fom ya cika, akwai bayani da da'awa, an biya kuɗi, kuma ƙirƙira ɗaya ce a takardar. Dokar da kanta ta ce a bayar ba tare da an binciki ko abin sabo ne ba, ta kuma ce ana bayarwa ne a kan kasadar mai nema, ba lamunin inganci. Wato duk tantancewar da Malam Ishaku ya yi bayani, a wurinmu ba ta faruwa a ofis. Tana jiran ka ne a Babbar Kotun Tarayya, ranar da ka kai wani ƙara, lauyansa ya zo da tsoffin takardu ya nemi a soke taka. Shi ya sa nake gaya wa masu zuwa wurina, satifiket ɗin gida yana da amfani, yana kama maka rana, amma ba shaida ba ce cewa an gwada abinka an same shi sabo.

Amfanin kama ranar kuwa babba ne. Daga ranar da ka shigar a nan kana da wata 12 ka shigar a wasu ƙasashe da wannan ranar, bisa yarjejeniyar Faris. Najeriya ta shiga yarjejeniyar PCT a 2005, wadda ke ba ka damar shigar da takarda guda ta ƙasa da ƙasa, a yi maka bincike na gaske a rubuto maka ra'ayi a kan ko abinka sabo ne, sannan kana da har wata 30 daga ranar farko kafin ka zaɓi ƙasashen da za ka kashe wa kuɗi. Hukumar NOTAP ma tana taimaka wa masu ƙirƙira 'yan ƙasa wajen shigar da takarda a gida. Sai dai ka sani, ta Najeriya a Najeriya kaɗai take aiki, kuma kamfanonin da za su buƙaci irin manhajarka yawancinsu ba a nan suke ba. Ta Amurka kuwa, in ka haɗa da kuɗin lauya, maganar dubban daloli ce, ko da an yi maka rangwamen da suke yi wa ƙananan masu nema.

Nura Edita: To wai su manyan ba su da irin wannan ne tun tuni? Ai na'urar gem ta PS4 tun 2013 in kana naɗa ka shiga wani fim sai ta ce an toshe wurin, ta daina naɗa.

Malam Ishaku: Wannan gem ɗin ne ke faɗa wa na'urar, masu haɗa shi suka sa alama a wurin. Wanda ke cikin gida ba ya buƙatar leƙe. Matsalar Sadiƙ ta wanda ke waje ce, ba shi da komai sai hoto da sauti.

Sadiƙ Anguwan Rogo: Malam, har ma ta fi haka. Yaranmu ba su da na'urar naɗa daga cikin gem. Waya suke jinginawa a kan benci ta ɗauki talabijin a karkace, hoto na rawa, hasken ƙofa na faɗawa a kan gilas, janareta na ƙara, wani ya gifta ta gaba. Duk manhajojin da na gwada na waje, tsaftataccen bidiyo suke so. A irin namu suna rikicewa. Na ukun da ban faɗa ba, don wannan na yi shi.

Ɗanlami Mai Gidan Gem: Ai ni ko ina bayan kanta ban ga allo ba, na san fim ya fara. Ƙarar maɓallai ce ke ɗaukewa ɗif, sai ka ji yara sun koma surutu.

Sadiƙ Anguwan Rogo: Yaya Ɗanlami, ka taɓo gefensa, amma ba nan ya tsaya ba, domin

Barista Hauwa, Abuja: Sadiƙ, tsaya nan. Kada ka ƙarasa.

Malam Ishaku: Ka ji maganar Antinka. Faɗin matsala ba laifi, faɗin maganinta ne ke ƙone takarda. Amma ka ga abin da nake nufi tun farko? Wata bakwai kana ganin ƙirƙirarka ita ce gane fim a gem, alhali wannan mutane da yawa sun taɓa shi. Naka shi ne gane shi a bidiyon da aka ɗauka da waya a shagon Bauchi Road da janareta a kunne. Injiniyan da ke zaune a Tokyo ko Kalifoniya ba shi da dalilin tunanin wannan. Kuma irin wannan ce matsalar fasaha da Barista ta ce Turai na nema. Ban ce za ta tsallake ba, sai an bincika.

Ga aikinka na daren nan. Ka shiga Google Patents da Espacenet da Patentscope, duk kyauta ne. Kada ka tsaya a neman kalma, ka bi rukuni: A63F 13 na wasannin bidiyo ne, G06V 20/40 na fahimtar abin da ke cikin bidiyo ne. Duk takardar da ka buɗe, tsallake zuwa da'awa ta ɗaya. Ka nemi abin da zai kashe naka da gaske, kamar kai ne lauyan abokin gaba.

Ladi Tudun Wada: A kan binciken nan dai na yarda da ku, ko takarda zai nema ko ba zai nema ba.

Sadiƙ Anguwan Rogo: Barkanmu da safiya. Ban kwanta ba sai bayan asuba. Malam, yadda ka faɗa haka na tarar. Ɓacewar alamomin allo, baƙaƙen layuka, kwatanta bidiyon mutane da yawa, duba ko ɗan wasa ya daina danna hannu, duk na ga masu kama da su, wasu na manyan kamfanoni. Wanda ya ɗan tsorata ni shi ne na danna hannun, amma waɗanda na karanta daga cikin na'urar suke ɗaukar saƙon, ba daga bidiyo ba. Na ukun nawa ban ga irinsa ba tukuna, sai dai takardu kusan talatin kawai na iya karantawa, kuma Turancinsu yana da nauyi.

Barista Hauwa, Abuja: Talatin mafari ne. Ka tuna kuma akwai waɗanda aka shigar cikin wata 18 ɗin nan da ba a wallafa ba, ba mai iya ganinsu. Ka rubuta lambar duk wadda ta yi kusa da naka, da abin da ya bambanta ku a jimla ɗaya. Wani abu kuma: in aikin kammala karatunka ne, ko wani ya biya ka ka yi, ka faɗa min ta waya, don yana iya shafar wanda ke da haƙƙin. Ranar Juma'a ina Jos wurin Hajiyarmu, ka zo da kwamfutarka bayan la'asar.

Ladi Tudun Wada: Tunda biyun farko sun riga sun fita, ka sake su a GitHub mana, shafin da masu rubuta manhaja ke ɗora aikinsu don kowa ya gani. Masu editin da yawa za su amfana, sunanka kuma zai fita. Ra'ayina a kan na ukun bai canza ba, amma naka ne.

Sadiƙ Anguwan Rogo: Zan saki biyun in sha Allah, Yaya Ladi, da zarar Anti ta duba ta tabbatar ba su jawo na ukun ba. Aikin kaina ne Anti, ba na makaranta ba. Yaya Ɗanlami, ina buƙatar ƙarin bidiyo na God of War da na ƙwallo, wanda aka ɗauka da ƙananan wayoyi iri-iri.

Ɗanlami Mai Gidan Gem: Ka zo Asabar da hantsi kafin shago ya cika. Zan kunna janareta ko da akwai wuta, don ka samu ƙarar yadda take. Waya huɗu gare mu a gida, zan zo da su.